Tsauni, Gindin Tsauni da Bakin Teku: Gangara Ce Ke Raba Rabo

Tsakanin Jidda da Ɗa'ifa, a yammacin Saudiyya, tafiyar mota ce da ba ta kai kilomita 200 ba, amma mai yin ta yana ratsa ƙasa iri uku. Jidda na kwance daidai da ruwan Bahar Maliya, a kan siririn filin da ake kira Tihama, inda zafi da gumi ba sa ɗaga ƙafa ko da dare. Makka, wajen kilomita 70 gabas, tana cikin kwari tsakanin ƙananan duwatsu, kusan mita 300 sama da matakin teku. Daga can hanyar Hada ke fara murɗewa tana hawan bangon dutse, har ta sauke matafiyi a Ɗa'ifa, sama da mita 1,600, garin noman wardi, wanda tun da can masu hali na Makka ke fakewa cikinsa idan bazara ta tsananta.

Wannan jeri na fili a bakin teku, tuddai a tsakiya, tsaunuka a baya, ana samun sa a gabashin Amurka, da yammacin Indiya, da Peru, da Eritiriya. A makaranta lambar tsayi aka fi haddacewa: Everest mita 8,849, Kilimanjaro 5,895. Lambar tana da daɗin faɗa, sai dai kaɗan take gaya wa mutum game da zaman ƙasar. Abin da ke raba wa yanki rabonsa na ruwa, na ƙasar noma, na hanya da na bala'i shi ne nisan da ƙasa ke ci kafin ta sauko daga tozon tsauni zuwa teku, wato gangara.

A ɗauki tsaunuka biyu a gwada. Mitchell, a jihar North Carolina ta Amurka, shi ne mafi tsawo a jerin Appalachia, mita 2,037, amma tsakaninsa da Tekun Atlantika akwai ɗaruruwan kilomita na tuddai da filaye. Ruwan da ya zuba a kansa sai ya yi kwana da kwanaki yana hanya. Tsaunin Avila, da ya raba birnin Karakas da Tekun Karebiya a Venezuela, ya haura mita 2,700, amma tsakanin tozonsa da bakin ruwa bai wuce kilomita goma ba. Ruwan da ya sauka a kansa yana iya isa teku kafin wanda ke ƙasa ya gama tattara kayansa. A taswira duka biyun launi ɗaya ake shafa musu, amma mazaunan gindinsu ba rayuwa ɗaya suke yi ba.

Abu na farko da hawa ke sauyawa shi ne zafi. A matsakaici, duk mita 1,000 da aka hau iska na rage zafi da kimanin digiri 6.5, saboda nauyin iskar da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, buɗewar kuma ta sanyaya ta. Da wannan lissafi tazarar Makka da Ɗa'ifa kaɗai ta isa ta kawo bambancin digiri takwas ko tara. A ƙasashe masu zafi wannan ya juya tsarin zaman mutane. Sauro mai ɗauke da zazzaɓi ba ya jure sanyin sama da mita 2,000 sosai, shi ya sa jama'a suka taru a can sama: Addis Ababa a mita 2,350 ko kusa da haka, Bogota a 2,600, San'a a sama da 2,200. Asmara tana sama da mita 2,300, tashar jiragen ruwanta Massawa kuwa tana cikin wurare mafi zafi a duniya, kuma layin dogon da Italiyawa suka kai Asmara a 1911 sai da ya yi ta zagaye na kusan kilomita 120 kafin ya haɗa su. A Meziko ta ƙarni na 18, an kafa babbar kasuwar kayan jiragen Sifaniya a Jalapa, a kan tudu, maimakon tashar Veracruz, saboda cutar shawara da ke kashe baƙi a bakin teku. A ƙasashe masu sanyi kuwa al'amarin ya koma akasin haka: tsauni ya zama wurin ƙanƙara da makiyaya, jama'a suka cika filayen ƙasa.

Ruwan sama ma hanyar nan yake bi. Iskar da ta kwaso danshi daga teku, in ta ci karo da tsauni ba ta da mafita sai hawa. Tana hawa tana sanyi, danshin ya zama girgije ya zubo. Kafin ta tsallaka tozo ta juye kayanta, sai ta gangara ɗaya gefen a bushe, tana ƙara zafi. Tsaunukan Ghats na Yamma a Indiya, masu tsawon kusan kilomita 1,600, su ne misalin da ya fi fitowa fili. Mumbai a bakin teku tana samun sama da milimita 2,000 a shekara. Mahabaleshwar a kan tozo tana wuce 5,000. Pune, da ke bayan tsaunin, ba ta cika kai 800 ba. A Afirka, ƙauyen Debundscha da ke gindin Dutsen Kamaru, ta gefen da ke fuskantar teku, yana samun kusan milimita 10,000 a shekara.

Kada dai a ɗauka gefen teku ne kullum mai ruwa. Inda iska ta fito shi ne magana. A Peru iskar danshi daga gabas take zuwa, ta ratso dajin Amazon, tsaunukan Andes su tatse ta tas. Ga kuma ruwan Tekun Fasifik a wannan gaɓa mai sanyi ne, ba ya barin hadari ya haɗu. Sakamakon haka Lima, birni mai mutum sama da miliyan goma, tana bakin teku amma a hamada take, ruwan saman shekara bai kai milimita 20 ba. Shanta da wankinta sun dogara ne kan Kogin Rimac da 'yan'uwansa biyu, masu gangarowa daga tsauni.

Wani abin lura shi ne tozon da ke raba ruwa ba ya cika zama a tsakiyar ƙasa. Sau da yawa kamar rufin ɗakin da aka karkata tozonsa gefe guda yake: ɓangare ɗaya gajere mai tsananin gangara, ɗayan dogo mai sauka a hankali. Rimac yana faɗowa daga sama da mita 4,500 zuwa teku cikin kilomita 200 ko ƙasa da haka. Ruwan da ya zuba a ɗaya gefen Andes kuwa, ko da bai fi kilomita 200 daga Fasifik ba, sai ya yi tafiyar sama da kilomita 6,000 a cikin Amazon kafin ya ga Atlantika. Birnin Iquitos na Peru yana nesa da bakin kogin da fiye da kilomita 3,500, amma tsayinsa kusan mita 100 ne kacal, har manyan jiragen ruwa na iya isa can. Kogin Godavari a Indiya yana tasowa kimanin kilomita 80 daga Tekun Larabawa, ya juya masa baya, ya yi kilomita 1,465 zuwa gabas. Kogin Neja haka: mafarinsa a tsaunukan Gini kusan kilomita 240 ne daga Atlantika, amma ya nausa arewa har bakin Sahara kafin ya dawo, tafiyar kusan kilomita 4,180. Sannu ba ta hana zuwa.

Dalilin wannan karkata yana ƙarƙashin ƙasa. Inda nahiya ta tsage gida biyu, leɓen tsagin yana ɗagawa ya zama bango mai kallon sabon teku. Haka bangon Hijaz da Asir ya samu lokacin da yankin Larabawa ya fara rabuwa da Afirka, wajen shekara miliyan 30 da suka wuce, kuma bangon Eritiriya a ɗaya gaɓar ɗan'uwansa ne. Inda kuma ɓawon ƙasan teku ke kutsawa ƙarƙashin nahiya, kamar yammacin Kudancin Amurka, tsauni na tasowa dab da ruwa, ba ya barin wurin fili. Faffaɗan fili a bakin teku yana buƙatar gaɓar da ta daɗe a kwance ba motsi. Appalachia ta gama tashi kusan shekara miliyan 300 da suka wuce. Tun daga lokacin ruwa ke sassaƙarta, abin da ya sassaƙo kuma shi ne aka shimfiɗa a gabanta.

A ganina, cikin sassan uku gindin tsauni ne aka fi raina wa hankali. Ba shi da tozon da za a ɗauki hotonsa, ba shi da bakin ruwa, iyakarsa ma ba ta fita sosai a taswira. Amma a nan ne gangara ke karyewa, kuma inda gangara ta karye nan kogi ke sauya hali. Ruwan da ya fito daga matsattsen kwazazzabo da gudu, ɗauke da duwatsu da tsakuwa da rairayi, yana fitowa fili ƙarfinsa ya faɗi. Sai ya fara sauke kaya bi da bi: manyan duwatsu a bakin kwari, tsakuwa a gaba, rairayi a gaba da nan, laka kuma ya wuce da ita can nesa. A kwana a tashi, abin da ya zubar ya zama tudu mai faɗi da ya baje daga bakin kwarin zuwa kowane gefe.

A gindin Himalaya wannan tsari har sunaye yake da su. Bayan tuddan Siwalik akwai zirin da ake kira Bhabar, ƙasar tsakuwa zalla, inda ƙananan rafuka ke nitsewa su ɓace da rani, rijiya kuma sai an yi zurfi. Kaɗan gaba, inda tsakuwa ta ƙare laka ta fara, ruwan da ya ɓace ya rasa hanya a ƙasa, sai ya ɓullo. Wannan shi ne Terai, dausayi mai duhuwar daji wanda zazzaɓin cizon sauro ya hana yawancin mutane zama cikinsa har shekarun 1950, lokacin da aka fara feshin magani. Yau kusan rabin al'ummar Nepal a Terai suke, kuma can ne rumbun ƙasar. Irin wannan layi na idanun ruwa yana arewacin Italiya, a gindin Alps, inda manoman kwarin Po suka daɗe suna ban-ruwa da shi. Mutanen Iran ba su ma jira ruwan ya ɓullo da kansa ba. Suna haƙa rijiya a saman tudun tsakuwa har su taɓa ruwa, sannan su ja rami a ƙarƙashin ƙasa, mai sauka kaɗan-kaɗan, ya kai ruwan gari da gonaki kilomita da yawa a ƙasa ba tare da injin ko guga ba. Kanat ake kiran wannan aiki, kuma UNESCO ta sa wasu daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya a 2016.

Garuruwa ma sun san wannan wuri. A gabashin Amurka akwai layi inda tsohon dutse mai tauri na yankin Piedmont ya ƙare, ƙasa mai laushi ta filin gaɓa ta fara. Duk kogin da ya zo nan sai ya yi tsalle a kan duwatsu. Jirgin ruwan da ya taso daga teku a nan yake tsayawa dole a sauke kaya, faɗuwar ruwan kuma tana juya injinan niƙa da na saƙa. A kan wannan layi Trenton, Filadelfiya, Washington, Richmond da Augusta suka jeru. Manyan madatsun ruwa ma bakin kwarin ƙarshe suke nema, inda bango gajere zai tare ruwa mai yawa kuma filin da za a shayar yana nan ƙasa: Bhakra a kan Kogin Sutlej a Indiya, mai tsayin mita 226, da aka gama a 1963, da Tarbela a kan Kogin Indus a Pakistan a shekarun 1970.

Matsalar ita ce tudun da kogi ya gina nasa ne, kuma bai yi alkawarin tsayawa a hanya ɗaya ba. Yana cike kwarinsa da tsakuwa har kwarin ya fi gefensa tsawo, ran da ruwa ya yi yawa ya ɓalle ya nemi sabuwar hanya. Kogin Kosi, da ke fitowa daga Nepal zuwa jihar Bihar ta Indiya, ya matsa yamma da fiye da kilomita 100 cikin kimanin shekara 200. An ɗaure shi da ganuwar ƙasa a shekarun 1950, amma a Agustan 2008 ya fasa ta a Kusaha, ya koma wata tsohuwar hanyarsa, ya mamaye gidaje da gonakin miliyoyin mutane. A gaɓar Vargas ta Venezuela, ƙarƙashin tsaunin Avila, babu wani fili sai waɗannan tuddan bakin kwari, don haka a kansu aka gina garuruwa. A Disambar 1999 aka kwana uku ana ruwa, kusan milimita 900, tsaunin ya saki laka da duwatsu masu girman ɗaki, ƙiyasin da aka fi yaɗawa na waɗanda suka rasu ya kama daga 10,000 zuwa 30,000. Jidda, wadda ruwan shekararta bai taka kara ya karya ba, ta rasa sama da mutum 100 a Nuwamban 2009, sa'ad da ruwan 'yan sa'o'i ya gangaro daga tuddan gabas ta busassun kwaruruka da aka riga aka cike da gine-gine. Ita kanta Ka'aba, da ke ƙasan kwarin Makka, ruwa ya kewaye ta a 1941 har aka yi ɗawafi da iyo. Abin da ke yaudarar mutane a irin wannan wuri shi ne kwarin yana iya shekara talatin a bushe, kuma shekara talatin ta isa a sayar da fili a yi gini a haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin ruwa a cikinsa ba.

Filin bakin teku iri biyu ne. Akwai tsohon ƙasan teku da ruwa ya janye ya bari. Matakin teku ba a tsaye yake ba: kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, ya yi ƙasa da na yau da wajen mita 120, kuma mashigin Chesapeake na yanzu kwarin Kogin Susquehanna ne da teku ya dawo ya cike. Akwai kuma filin da kogi ya gina da lakar tsauni. Ganges yana barin tsaunuka a Haridwar, a tsayin kusan mita 300, sauran tafiyarsa ta sama da kilomita 2,000 duk wannan mita 300 yake ci a hankali. Shi da Brahmaputra suna kai wa teku laka kusan tan biliyan ɗaya a shekara. Yawancin Bangladesh, in an bi asali, garin Himalaya ne da ruwa ya niƙa ya kwaso.

Ƙasar da aka gina da laka tana matsewa tana nitsewa da kanta, sabuwar lakar ambaliya ce ke cike gurbin. In aka tare lakar a sama, nitsewar ba ta tsayawa. Kafin a gama madatsar Aswan a 1970, Nilu yana kawo wa Masar fiye da tan miliyan 100 na laka a shekara, mafi yawa daga tsaunukan Habasha. Yanzu tana kwanciya a bayan madatsar, teku kuma ya ci bakin Rashid, inda reshe ɗaya na Nilu ke shiga teku, sosai har sai da aka gina masa bango. Jihar Louisiana ta Amurka ta rasa kusan murabba'in kilomita 5,000 na ƙasa tun farkon shekarun 1930, saboda ganuwar da aka yi wa Kogin Mississippi tana wuce da laka kai tsaye cikin zurfin teku, ga kuma hanyoyin ruwa da masu haƙar mai suka yanka a fadama. Jakarta ta haɗa duka biyun: koguna 13 na gangaro mata daga tuddan kudu, ita kuma tana zuƙe ruwan ƙarƙashinta da rijiyoyin burtsatse, har wasu unguwannin arewa suka nitse da mitoci. Wannan yana cikin dalilan dokar 2022 ta mayar da babban birnin Indonesiya zuwa tsibirin Borneo. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: itacen da aka sare a kan tsauni da bangon da aka gina a bakin kwari, duk a bakin teku ake biyan kuɗinsu.

A kan tsauni kuskuren mita goma a awo ba ya sauya komai. A filin gaɓa mita ɗaya ita ce tsakanin gida da tafki. Wani bincike na 2007 ya nuna ƙasar bakin teku da ba ta haura mita 10 ba kashi 2 ce cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya, amma tana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na mutanenta. Guguwar Bhola ta Nuwamban 1970 ta turo ruwan teku kan irin wannan ƙasa a Bangladesh ta yau, ta kashe aƙalla mutum 300,000, domin babu tudun da za a gudu a hau.

Awon kansa ba abu ne mai sauƙi ba. Teku ba shi da mataki ɗaya a duniya, kowace ƙasa tana da wurin da ta ɗauka a matsayin sifili. Jamus ta jingina nata da matakin teku a Amsterdam, Suwizalan da na Marseille, tsakaninsu akwai santimita 27. Injiniyoyin gadar Laufenburg a kan Kogin Rhine sun san da wannan, amma aka yi gyaran a juye, sai a 2003 aka tarar da tazarar santimita 54 tsakanin ɓangarorin biyu. Wannan a ƙasashen da suka fi kowa kayan awo ke nan. Ga mafi yawan duniya, taswirar tsayi da aka daɗe ana dogara da ita ta fito ne daga kumbon Endeavour, wanda ya yi kwana 11 a Fabrairun 2000 yana auna doron ƙasa da na'urar rada. Aikin ya yi amfani ƙwarai, sai dai na'urar tana dawowa ne daga abin da ta fara taɓawa, wato kan bishiya da rufin gida, don haka a birane da dazukan gaɓa ta ƙara wa ƙasa tsayin da ba ta da shi. Da masu bincike na Climate Central suka gyara wannan a 2019, adadin mutanen da ke zaune a ƙasar da ambaliyar teku za ta iya shafa duk shekara zuwa 2050 ya tashi daga kimanin miliyan 80 zuwa miliyan 300. Akwai awon da ya fi wannan daidai, wanda ake yi daga jirgin sama da hasken leza mai ratsa tsakanin ganye ya taɓa ƙasa. Holan da Ingila da Amurka sun auna gaɓoɓinsu da shi. Yana da tsada, kuma manyan filayen laka na Asiya da Afirka, inda mafi yawan waɗannan miliyoyi suke, har yanzu kaɗan ne daga cikinsu aka bi da shi.